Rufin asirin wa? Coci, yaran da aka lalata, da wahalar kama shugabanni a kotu

A watan Yulin 2003, babban lauyan gwamnatin jihar Massachusetts ta Amurka, Thomas Reilly, ya fitar da sakamakon binciken da ofishinsa ya shafe fiye da shekara yana yi a kan Cocin Katolika na Boston. Takardun cocin da kansu sun nuna mutum 789 sun kai koken cewa an yi lalata da su suna yara, limaman da ake zargi kuma 237, tun daga 1940. Rahoton ya ce shugabanni sun sani, sun ja bakinsu sun yi shiru, sun riƙa ɗauke limami daga wannan unguwa su kai shi waccan. Sai kuma ya zo da maganar da ta fi komai ciwo: ba ko ɗaya daga cikin shugabannin da za a gurfanar, domin dokokin jihar na wancan lokaci ba su ɗauki abin da suka yi a matsayin laifi ba.

Limamin da ya jawo tonon sililin, John Geoghan, mutum sama da 130 ne suka zarge shi. An ɗaure shi a 2002, wani fursuna ya kashe shi a kurkuku a 2003. Kadinal Bernard Law, shugaban Cocin Boston, wanda tun 1984 ya san halin Geoghan amma ya ba shi sabon coci cike da yara, ya yi murabus a Disambar 2002, ya tafi Rum, aka ba shi shugabancin ɗaya daga cikin manyan majami'un birnin, ya zauna a Rum har ya rasu a 2017. Wanda ya aikata ya mutu a ɗaure, wanda ya ba kura ajiyar nama ya mutu a gadonsa da girmansa. Duk muhawarar da ake yi a kotunan Amurka da Turai da Ostireliya shekara ashirin da ɗoriya a kan wannan giɓin take.

Mu a wajenmu rufin asiri abin roƙo ne. "Allah ya rufa mana asiri" addu'a ce da ba ta barin bakin kowa. Su ma bishop-bishop ɗin da suka ɓoye waɗannan laifuka da irin wannan kalmar suka riƙa lallashin zuciyarsu: kada a jawo wa coci abin kunya, kada imanin talakawa ya girgiza, a ba mai zunubi damar tuba. Tambayar da ba su tsaya sun yi ba ita ce asirin wa ake rufawa. Na yaron da aka lalata ba ya buƙatar a bar mai laifin a kan aiki. Dokar cikin gida ta Cocin Katolika ta tanadi kowace dayosis, wato yankin da bishop ɗaya ke mulki, ta ajiye ma'ajiyar takardu ta sirri wadda makullinta ke hannun bishop. Da masu binciken jihar Pennsylvania suka sami shiga irin waɗannan ma'ajiyoyi, rahotonsu na Agustan 2018 ya lissafa limamai sama da 300 da yara sama da 1,000 a dayosis shida cikin shekara saba'in. Sun ga har salon rubutun iri ɗaya ne: ba a rubuta fyaɗe, sai a ce an yi mu'amalar da ba ta dace ba; ba a ce an cire limami saboda lalata, sai a gaya wa jama'a ya tafi hutun jinya. Bayan watanni a tura shi wani gari inda ba wanda ya san shi. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare.

Daga cikin waɗannan limamai sama da 300, biyu kacal binciken ya iya gurfanarwa. Da yawa sun mutu, saura kuma wa'adin tuhuma ya wuce.

To me ya sa kama shugaba ke da wuya haka? Dokar manyan laifuka a yawancin ƙasashen nan an gina ta ne don hukunta wanda ya aikata da hannunsa. Yin shiru ba laifi ba ne sai in akwai doka ta musamman da ta ɗora wa mutum nauyin kai rahoto. A Massachusetts, likita da malamin makaranta suna ƙarƙashin irin wannan doka, amma ba a sa limaman addini a ciki ba sai a 2002, bayan ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada. Inda dokar take kuma, hukuncinta bai taka kara ya karya ba. Bishop Robert Finn na Kansas City, bishop na farko da aka samu da laifin ƙin kai rahoto a Amurka, a 2012, bai kwana ko ɗaya a kurkuku ba; sa ido na shekara biyu aka yanke masa, ya ci gaba da riƙe kujerarsa har 2015. A wannan shekarar ta 2012 aka ɗaure William Lynn, jami'in da ke kula da rabon wuraren aiki ga limamai a Philadelphia. Ya yi kusan shekara uku a tsare, amma sau biyu kotun ɗaukaka ƙara tana soke hukuncin, har maganar ta ƙare a 2022 da ɗan ƙaramin laifi na ƙin miƙa takardu.

Shari'ar Faransa ce ta fi nuna inda gizo ke saƙa. A Maris 2019 kotu a Lyon ta yanke wa Kadinal Philippe Barbarin ɗaurin wata shida na jeka-ka-gyara-halinka saboda bai kai rahoton limami Bernard Preynat ba, wanda ya yi shekaru yana lalata da yaran ƙungiyar sikawut. A Janairun 2020 aka wanke shi, a Afrilun 2021 kotun ƙoli ta tabbatar da wankewar. Hujjarta: lokacin da Barbarin ya ji labarin daga bakin waɗanda abin ya shafa, sun riga sun girma, za su iya zuwa wajen 'yan sanda da ƙafarsu, don haka nauyin ya sauka daga kansa. A ma'aunin doka maganar ta zauna. A ma'aunin hankali kuwa akwai gyara, domin limamin yana nan a bakin aiki, kuma amfanin rahoto bai tsaya ga yaran jiya ba, ya haɗa da na gobe. A Ostireliya ma haka aka yi da Akbishop Philip Wilson na Adelaide: an same shi da laifi a Mayun 2018, an wanke shi a Disambar shekarar, saboda ba a iya tabbatar da abin da yake tunawa na maganar da aka faɗa masa a shekarun 1970 ba. Tabbatar da abin da mutum ya sani shekara arba'in baya, ba tare da wata tantama ba, aiki ne ja.

Akwai wani ɗan labari da ke nuna yadda ake kallon abin daga sama a lokacin. A 2001, da kotun Faransa ta sami Bishop Pierre Pican da laifin ɓoye wani limami, Kadinal Darío Castrillón Hoyos, shugaban ofishin kula da limamai a fadar Vatican, ya rubuta masa wasiƙar jinjina saboda bai miƙa limaminsa ga hukuma ba. Wasiƙar ta fito fili a 2010.

Da ƙofar ɗauri ta ƙi buɗuwa sosai, sai lauyoyi suka koma ƙofar diyya. A nan ne ainihin yaƙin ya gudana, kuma a nan ne cocin ya fito da makaman da suka ba mutane mamaki.

Na farkonsu ya fi kama da wasan yara, amma ya yi aiki shekara goma sha ɗaya. John Ellis, lauya ne a Sydney, wanda wani limami ya fara lalata da shi tun yana yaro mai hidima a coci a shekarun 1970. Ya kai ƙarar Kadinal George Pell, akbishop na Sydney a lokacin, da kuma amintattun da ke riƙe da dukiyar cocin. A 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar New South Wales ta ce masa Pell ba shi ne akbishop ba lokacin da abin ya faru, don haka ba ruwansa. Amintattun kuwa filaye da gine-gine kawai suke riƙewa, ba su suke naɗa limamai ba. Shi kuma "Cocin Katolika" taron masu bi ne kawai, ba shi da rajistar da za ta mayar da shi wanda ake iya kai ƙara. Ga coci ana gani, ga makarantunsa da asibitocinsa da asusunsa, amma a idon doka babu kowa a gidan. Cocin da ke iya sayen fili da sunan amintattu ya zama iska ranar da aka zo neman diyya. Sai bayan Hukumar Binciken Ƙasa da ta yi aiki daga 2013 zuwa 2017 ta tona yadda aka yi wa Ellis, jihohi suka rushe wannan kariya: Victoria a 2018, New South Wales daga farkon 2019. Yanzu dole ƙungiya ta nuna wanda zai tsaya mata a kotu da dukiyar da za a biya daga ciki.

An toshe wannan, sai wata ta ɓullo. Ƙa'ida ce sananniya cewa laifin yaro a bakin aiki yana hawa wuyan ubangida: direban kamfani ya buge mutum yana cikin aiki, kamfanin ne zai biya, ko da manaja bai san komai ba. To limami ma'aikacin bishop ne? Cocin ya ce a'a. Ba shi da takardar ɗaukar aiki, ba albashi yake karɓa irin na ma'aikaci ba, kiran Ubangiji ya amsa. Kotun ƙolin Kanada a 2004, da kotunan Ingila a 2012, sun ƙi wannan hujja. Suka ce suna ba shi ne abin dubawa ba. Wa ya naɗa shi, wa ya tura shi garin, wa ya ɗora masa rigar da ta sa iyaye suka buɗe masa ƙofa suka bar shi da 'ya'yansu, wa ke da ikon cire shi? Dangantakar da ta yi kama da ta ma'aikaci da ubangida ta isa. Amma a Nuwamban 2024 babbar kotun Ostireliya ta bi ta wata hanyar daban. Wani mutum da mataimakin limami ya yi lalata da shi a gidan iyayensa a 1971, yana ɗan shekara biyar, ya ci nasara a kan dayosis ɗin Ballarat a kotuna biyu na ƙasa. Babbar kotu ta soke diyyar, ta ce in ba ma'aikaci ba ne na haƙiƙa to babu ɗaukar alhaki, in ana son a faɗaɗa ƙa'idar sai majalisa ta yi. Ni a ganina Kanada da Ingila ne suka kama gaskiya. Ikon da bishop ke da shi a kan limami ya wuce na kowane manaja a kan ma'aikacinsa, tun da har alkawarin biyayya limami ke yi masa ranar naɗi. A ce wannan ikon bai kai a ɗora alhaki ba, amma na mai gidan burodi a kan yaron rabo ya kai, ai an juya magana kanta ƙasa.

Ita kuwa fadar Vatican, ta fi ƙarfin hannu ta wata fuskar: ƙasa ce mai cin gashin kanta, kuma ba a kai ƙasa ƙara a kotun wata ƙasa sai da sharuɗɗa masu tsauri. A 2012 wani alƙalin tarayya a Oregon ya ce limamai ba ma'aikatan Vatican ba ne. A Oktoban 2021 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta goyi bayan kotunan Beljiyam da suka ƙi sauraron ƙarar mutum 24 a kan fadar. Fafaroma ne ke naɗa bishop, shi kaɗai ke iya sauke shi, amma a kotu kowane bishop sarkin kansa ne.

Babban katangar duka dai lokaci ne. Alƙaluman da hukumar Ostireliya ta tattara daga Cocin Katolika sun nuna mutum 4,444 ne suka kawo koke tsakanin 1980 da 2015, kuma a matsakaici shekara 33 ke shiga tsakanin faruwar abin da kai koken. Duk wanda ya san yadda kunya ke cin yaro, da yadda ake ganin malamin addini a gida, ba zai yi mamaki ba. Yaro ɗan shekara goma zai ce wa uwarsa me game da mutumin da take durƙusa wa? Amma dokokin wa'adi a wurare da dama sun ba shi 'yan shekaru ne kawai bayan ya balaga. Ka ga ɓoyewa ta zama ciniki mai riba: in ka iya danne magana shekara goma, doka da kanta za ta ƙarasa maka aikin. A 2003 kotun ƙolin Amurka ta hana farfaɗo da tuhumar manyan laifuka da wa'adinta ya wuce, amma ba ta rufe ƙofar diyya ba. Jihohi suka fara buɗe taga na ɗan lokaci domin tsofaffin ƙararraki. Tagar California ta 2003 ita ta kai ga dala miliyan 660 da Cocin Los Angeles ya biya mutum 508 a 2007. Wata tagar ta baya ta sa ya sake amincewa da dala miliyan 880 ga mutum 1,353 a 2024. Tagar New York da aka buɗe a 2019 ta haifi ƙararraki kusan 11,000, ba duka a kan coci ba.

Sai aka shiga zamanin ayyana karayar arziki. Portland ce ta fara a 2004, yanzu dayosis fiye da talatin sun bi sahu. Baltimore ta shigar da nata a ƙarshen Satumban 2023, ana saura kwana biyu sabuwar dokar Maryland da ta cire wa'adi ta fara aiki. Masu kare matakin suna cewa shi ne adalci, don kada waɗanda suka fara zuwa kotu su kwashe komai na baya su tashi a tutar babu, kuma wannan magana ba a banza take ba. Sai dai da zarar an ayyana, duk ƙararraki sun tsaya cak. Ba bishop da zai zauna gaban masu yanke hukunci a yi masa tambayoyi a bainar jama'a, mutum ya koma lamba a jerin masu bin bashi. Akwai kuma batun kawar da dukiya tun kafin ranar. A 2007 Akbishop Timothy Dolan na Milwaukee ya nemi izinin Vatican ya mayar da kusan dala miliyan 57 cikin asusun kula da maƙabartu, kuma a wasiƙarsa ya ambaci cewa hakan zai ƙara kare kuɗin daga masu ƙara. Shi dai ya dage cewa kuɗin dama na maƙabartu ne. A 2011 dayosis ɗin ta ayyana karaya, a 2015 aka sasanta a kan dala miliyan 21 ga mutum kusan 330.

Kuma wa ke biya a ƙarshe? Ba aljihun bishop ba. A Newfoundland ta Kanada, da kotu ta ɗora wa cocin St. John's alhakin abin da aka yi wa marayu a gidan Mount Cashel, sai da aka sa majami'u da dama a kasuwa, ciki har da babbar majami'ar birnin, gine-ginen da kakannin masu ibada suka tara kuɗin gina su. A Ailan kuwa talaka mai biyan haraji ne ya ɗauki kayan: yarjejeniyar biyan diyya ta 2002 ta sa ƙungiyoyin addini 18 suka yi alkawarin yuro miliyan 128, gwamnati ta ɗauke musu sauran, kuɗin ya haura ya kai kimanin yuro biliyan 1.5. Wannan aibi ne na gaske a tsarin diyya, kuma ba na ganin akwai amsa mai daɗi. Abin da kawai zan ce shi ne wa'azi da rahotanni na cikin gida sun yi shekaru ba su motsa komai ba. Tun 1985, da aka ɗaure limami Gilbert Gauthe a Louisiana, an gargaɗi bishop-bishop na Amurka a rubuce. Ba su kafa dokar cire duk limamin da aka tabbatar da laifinsa ba sai a Dallas a 2002, da asara ta zo wuya. Kuma ba kuɗin kaɗai ba ne ribar ƙarar diyya. Umarnin alƙaliya Constance Sweeney na buɗe takardun shari'ar Geoghan a ƙarshen 2001, bisa roƙon jaridar Boston Globe, shi ya sa duniya ta karanta wasiƙun shugabanni da idonta. Ba don kotu ba da suna nan a kulle.

Vatican ta yi nata gyaran. A 2019 Fafaroma Francis ya wajabta wa limamai kai rahoto ga hukumomin coci, ya kafa hanyar binciken bishop, ya kuma cire irin waɗannan shari'u daga ƙarƙashin sirrin Fafaroma. Amma bai kafa dokar bai-ɗaya ta kai rahoto ga 'yan sanda ba, an bar wannan ga dokar kowace ƙasa, kuma bishop ne ke binciken bishop.

Kada mai karatu ya ɗauka ciwon na Katolika ne kaɗai. Hukumar Ostireliya ta gano Shaidun Jehobah suna da bayanan mutum 1,006 da aka zarga tun 1950, kuma ƙungiyar ba ta kai ko ɗaya wajen 'yan sanda ba. Ƙa'idarsu ta neman shaidu biyu ta sa maganar yaro shi kaɗai ba ta da nauyi, alhali wannan laifi ne da ba a yin sa gaban shaida. A 2022 bincike ya nuna shugabannin Southern Baptist, wata babbar ƙungiyar cocin Baptist a Amurka, sun ajiye jerin sunaye sama da 700 a ɓoye, suna gaya wa mutane cewa kowane coci gashin kansa yake ci, ba su da ikon yin komai. A Nuwamban 2024 Akbishop na Canterbury, babban limamin Cocin Ingila, Justin Welby, ya yi murabus a kan batun John Smyth, lauyan da manyan Cocin Ingila suka san ta'asarsa tun 1982, aka bar shi ya koma Zimbabuwe a 1984, daga baya Afirka ta Kudu, ya ci gaba da azabtar da yara maza, ya mutu a 2018 bai taɓa fuskantar hukunci ba. An kawar da abin kunya daga Ingila, yaran Afirka suka biya.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: abin da ya sa aka iya kama Cocin Katolika har haka shi ne tsarinsa. Yana da shugaba a kowane yanki, yana rubuta komai ya ajiye, yana da dukiya da inshora. Inda babu waɗannan, babu wasiƙar da za a tono, babu asusun da za a taɓa. Nan ne maganar ta zo kusa da gida. A Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa da ke Kaduna, suka fito da mutum kusan 300, yara da manya, wasu da sarƙa a ƙafa, wasu suka ce an yi lalata da su. Makonni kaɗan bayan haka aka sami irinsa a Daura. An kama masu kula da wuraren, an rufe gidajen. Nijeriya tana da Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, kuma dokar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta 2020 ta ba coci ko masallaci ko ƙungiyar addini da ta yi rajistar amintattu matsayin wadda ke iya kai ƙara kuma a kai ta. Amma makarantar da malami ɗaya ya buɗe a zaurensa, ko cocin da fasto ɗaya ya kafa a shagon haya, sau da yawa ba rajista, ba wanda ya naɗa shi, ba takardar koke da aka taɓa ajiyewa. Uban da ya ƙi karɓar "a yi haƙuri, a rufa asiri" daga dattawan unguwa, ya ce shi sai kotu, zai iya samun a ɗaure mutum ɗaya. In ya nemi wanda zai amsa laifin waɗanda suka sani suka yi shiru, zai tsinci kansa inda John Ellis ya tsaya a Sydney a 2007.